Hiliyom da agon sun saɓa a shekarun dutsen sama, wanne za a ɗauka?

Ɗalibar Duwatsu: Assalamu alaikum malamai. A kondirait guda, wato wani nau'in dutsen da ke faɗowa daga sama, lissafin hiliyom-4 yakan ba da shekaru kaɗan, na agon-40 ya ba da masu yawa, alhali tsarin rana ya kai shekara biliyan 4.567. Kuskuren awo ne, ko dutsen ne ke faɗin wani abu?

Malamin Awo: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Galibi ba kuskure ba ne. Abin da ake aunawa shi ne tun yaushe dutsen ya fara riƙe iskarsa, wato hiliyom da agon da ke taruwa a cikinsa, wanda ba lallai ya zo ɗaya da lokacin samuwarsa ba. Fotasiyom-40 rabinsa ke rikiɗa cikin shekara biliyan 1.25, kusan kashi 11 cikin 100 na abin da ya rikiɗa ne ke zama agon-40. Hiliyom-4 kuwa daga yuraniyom da toriyom yake fitowa. Da zarar dutsen ya ɗau zafi, ko ta karo ko ta kusantar rana, iskar sai ta sulale, hiliyom kuma shi ke riga fita saboda ƙanƙantarsa. In agogon biyu, na hiliyom da na agon, suka zo ɗaya, an samu natsuwa. In hiliyom ya gaza, an yi asara, kuma lambarsa ba ta nuna ranar wani abu da ya faru.

Kafin ki lissafa, ki cire hiliyom-4 da haskokin sararin samaniya suka haifar, wajen ninki biyar zuwa shida na hiliyom-3 da kika auna. Yuraniyom ɗin kondirait bai wuce kashi goma sha wani abu cikin biliyan ba, don haka wannan gyaran yana da nauyi.

Mai Tanderu: Malam ya yi bayani. Sai dai ni ba na sakin jiki da agon da aka fitar a narkawa guda. Hanyar agon-40 da agon-39, wadda Merrihue da Turner suka bayyana a 1966, ta fi. Ana harba wa samfurin niyutoron, wani ɓangare na fotasiyom-39 ya koma agon-39, sai a auna uwa da ɗiya, wato fotasiyom (ta hanyar agon-39) da agon-40, a gutsure ɗaya. Daga nan a ɗumama shi a bututun da aka zuƙe wa iska, digiri 100 zuwa 150, ya kwana, don agon ɗin iskar duniya da ya manne ya tashi. Sannan a riƙa ƙara zafi mataki-mataki har ya narke, ana auna iskar kowane mataki. Matakan farko sukan ba da shekaru kaɗan, domin daga gefen ƙwayoyin ma'adinin asarar ke farawa. Inda matakai da dama a jere suka tsaya kan lamba ɗaya, ita ce abin riƙo.

Wurin da ake yawan zamewa: a iskar duniya agon-40 ya ninka agon-36 kusan sau 298, to dutsen da ya daɗe a hamada yana shan wannan iskar, ruwa kuma na wanke masa fotasiyom. A yanko daga ciki, nesa da baƙin ɓawon da ya ƙone.

Malamin Awo: Haka ne. Da wannan hanyar aka ga shekarun kondirait na rukunin L (masu ƙarancin ƙarfe) da yawa sun taru a wajen shekara miliyan 470, lokacin da uwar dutsensu ta tarwatse. An kuma haƙo burbushin irinsu a duwatsun farar ƙasa na Kinnekulle a Suwidin, masu kusan wannan shekarun. Kada dai ki haɗa wannan da niyon-21, wata iskar da haskokin sararin samaniya ke haifarwa, wanda ke ƙirga tsawon yawon gutsuren a sarari bayan ɓallewarsa, galibi miliyoyin shekaru ko gomiyoyinsu. Shi ma sai an gyara shi da rabon niyon-22 da niyon-21, domin zurfin samfurin a cikin dutsen yana canza yawan abin da ake samu.