Gem ɗaya farashi kala-kala, haraji ne ko haɗama?

Sadiq: Jama'a ni fa abin nan na bambancin farashin gem ya ishe ni. Fayil ɗaya ne, saukewa kawai kake yi ta intanet, ba jirgi ba kwastan ba kwali, amma ɗan Amurka ya biya dala 70, ɗan Turai ya biya yuro 80, wani can ya biya rabin haka ko ƙasa. Haɗamar kamfanoni ce kawai, a sa farashi ɗaya duk duniya kowa ya huta.

Hauwa: Yaya Sadiq dala 70 ɗin nan fa ba ita ake biya ba. A Amurka ba sa saka harajin saye cikin farashin da suke nunawa, sai an zo biya ake ɗorawa, kuma kowace jiha da nata. Turai kuwa VAT, wato nasu harajin sayen, na ciki tun farko, Jamus kashi 19, Faransa 20, Hungari har 27. In ka zare na Faransa daga yuro 80 abin da zai rage wajen yuro 67 ne.

Sadiq: Toh ƙanwata, yuro 67 ɗin ma in kika canza shi yawanci ya ɗara dala 70. Ragowar ina take tafiya?

Malam Bala: Ku biyun kowa da gaskiyarsa amma kuna haɗa kaya biyu. Na'ura daban, gem na saukewa daban. A 2013 PS4, na'urar gem ta kamfanin Sony, ta fito dala 399 a Amurka, a Barazil riyal ɗinsu 3,999, wajen dala 1,800 a lokacin, Sony da kanta ta ce fiye da rabin kuɗin haraji ne da kuɗin shigo da kaya, wannan kam ba ka ɗora wa kamfani duka ba. Amma a shekarar dai kwamitin majalisar Ostareliya ya binciki tsadar manhajoji da gem a ƙasarsu, ya ga tazarar ta fi ƙarfin hujjojin da kamfanonin ke kawowa. Sun ga mutane na iya biya ne suka tsawwala.

Sadiq: Yauwa Malam, ka ga maganata kenan

Abba: Ba maganarka ba ce wlh. Kai cewa ka yi farashi ɗaya, to na wa za a ɗauka? Kana ganin za su ɗauki na Indiya su ba Amurka? Na Amurka za a kafta wa kowa, wanda dala 70 albashinsa ne na awa uku da wanda dala 70 kuɗin satinsa ne guda su biya daidai, ina adalcin. Shi gem kuɗin yana wajen haɗa shi ne, da zarar an gama kwafi na miliyan ɗaya da ɗaya kusan kyauta yake zuwar musu, shi ya sa gara su karɓi dala 15 a hannun talaka da su tashi a tutar babu. Ba tausayi ba ne, lissafi ne, amma lissafin ya yi wa mai ƙaramin ƙarfi rana.

Hauwa: Kuma in ba su rage ba satar fasaha ce za ta ci kasuwar. Gabe Newell mai Valve, kamfanin da ke da Steam, kasuwar sayar da gem ta intanet, tun 2011 yake cewa an yi ta gargaɗinsu kan Rasha wai ƙasar masu kwafi ce, suka shiga da fassara da fitar da gem kan lokaci, ta koma cikin manyan kasuwanninsu a Turai.

Nura: Ni duk ban damu ba, VPN na nan, manhajar da ke nuna kamar daga wata ƙasa kake shiga intanet. Su kamfanonin ai inda aiki ke da arha suke kai aikinsu, ni ma inda kaya ke da arha zan kai kuɗina, meye laifi

Abba: Irinku ne kuka ɓata wa 'yan Ajantina da Turkiyya. Da can gem ɗin dala 60 sai ka same shi kuɗi kaɗan a peso ko lira, duniya ta yi ca kowa ya zama ɗan Ajantina a akawun. Masu gem ɗin Dead Cells a 2022 sai da suka ƙara farashi a ƙasashen biyu, suka ce cinikin da ake yi daga can ya fi yawan masu buga wasan a can nesa ba kusa ba. Ranar 20 ga Nuwamba 2023 Steam ta cire peso da lira gaba ɗaya ta mayar da su dala, wasu gem ɗin suka ninka sau da yawa dare ɗaya.

Nura: Haba Abba, kar ka ɗora mana. Valve ta ce rawar da kuɗin ƙasashen ke yi ne dalili, hauhawar farashi a Ajantina ta wuce kashi 200 a 2023, wane ɗan kasuwa zai zauna yana gyara farashi kowane wata

Malam Bala: Nura bai yi ƙarya ba kan dalilin da Valve ta bayar, amma ɗana kar ka wanke hannunka tas. Babban kamfani ba ya jin ku, ƙaramin mai haɗa gem da Steam ta riga ta cire kashi 30 a cinikinsa shi ke ji a jika. Kuma ba don masu tsallaken ba da ba a kawo dokar sai ka biya da katin ƙasar ba, da wadda ta hana canza ƙasa sai bayan wata uku.

Sadiq: To in tsare iyaka abu ne mai kyau me ya sa Tarayyar Turai ta ci tarar Valve da kamfanoni biyar, har da Capcom da Bandai Namco, yuro miliyan 7.8 a 2021?

Hauwa: Saboda cikin kasuwarsu ɗaya ne, doka ta hana a toshe makullin gem, wato lambar da ake buɗe gem da ita, tsakanin ƙasashen ƙungiyar. Amma Yaya duba abin da hakan ke nufi, ɗan Romaniya da ɗan Jamus farashin yuro ɗaya suke gani a Steam alhali albashi ba ɗaya ba. Farashi ɗayan da kake nema kenan, ga shi a aikace.

Abba: Nintendo ma ta gane, na'urarta Switch 2 a 2025 ta yi ta Japan zalla yen 49,980 mai yaren Japananci kawai, mai yaruka da yawa kuma yen 69,980. Yen ya faɗi, suna son mutanensu su iya saya ba tare da 'yan waje sun kwashe ba.

Sadiq: Na ji duka, amma ku bayyana min Poland. Albashinsu bai kai na Jamus ba, ga su cikin masu biyan mafi tsada a Steam.

Malam Bala: Wannan sakaci ne. Valve shawarar farashi kawai take bayarwa, mai gem ne ke sa nasa. Jadawalin da ta fitar a Oktoba 2022 ya faɗo lokacin da zuloti, kuɗin Poland, ke ƙasa sosai, kuɗin ya farfaɗo jadawalin ya daɗe ba a taɓa shi ba, su kuma masu gem danna maɓalli kawai suke su karɓi abin da ke ciki.

Sadiq: Sakacin da kullum aljihun kamfani yake faɗawa? Da su ke asara Malam da sati ba zai zagayo ba sun gyara, ai mun ga yadda suka yi da lira.