Wa Zai Auna Makiyayi?

Dattijo, Wusasa:

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin Jim Bakker, mai wa'azin talabijin na Amurka, wanda ya gina dandalin shaƙatawa na Kirista mai suna Heritage USA a jihar Karolina ta Kudu, ya riƙa karɓar dala 1,000 daga mabiyansa bisa alkawarin kwana uku a masaukin wurin kowace shekara har ƙarshen rai, alhali otal ɗaya tak mai ɗaki kimanin 500 aka kammala. A 1989 kotu ta same shi da laifin zamba, ta yanke masa shekara 45, daga baya aka rage zuwa 8.

Da sunan Uba nake buɗe bakina,
Ina roƙon ya daidaita harshena,
Kada in yi ƙage a cikin zancena,
Kada kuma tsoro ya hana ni faɗin gaskiya.

Mutumin nan ya tara dubban jama'a,
Suna bin sa da biyayya da ɗa'a,
Suna aiko da kuɗi a kowace sa'a,
Ba mai cewa a buɗe littafin ajiya.

Ya sayar da ɗakunan da bai gina ba,
Ga mabiyan da ba su taɓa zarginsa ba,
Majalisarsa ba ta taka masa birki ba,
Sai da 'yan jarida suka tone ramin ƙarya.

Abin da ke damuna dare da rana,
Shi ne jarida ta riga mu ganin ɓarna,
Mu da aka ba Littafi domin mu auna,
Muka tsaya kallon girman ikkilisiya.

To, ga tambayata ga masu hankali,
Ku ba ni amsa tare da dalili,
Da wane ma'auni, a bisa wane asali,
Za mu rarrabe 'yan ƙodago da makiyaya?

Matashi ɗan ƙungiyar mawaƙa, Kaduna:

Baba Dattijo, ka gafarce ni, zuciyata ba ta kwanta da wannan zance ba.

Baba, na rusuna ina gaishe ka,
Na karanta dukkan baitocinka,
Amma ka bar ni in ɗan tambaye ka,
Anya auna shafaffe aikinmu ne kuwa?

Kada a taɓa shafaffe, haka Zabura ta ce,
Dauda ya tarar da Saul a sansani a kwance,
Ya ƙi ɗaga masa hannu, ya juya ya wuce,
Ya ce Ubangiji ne kaɗai mai hukuntawa.

Manyan majami'un nan sun gina makarantu,
Sun ɗauki marasa aiki a ma'aikatu,
Na ga 'yan ƙwaya sun tuba sun ingantu,
Me ya sa ba a ambaton wannan sai faɗuwa?

A Facebook ana yanke hukunci da yatsa,
Da guntun bidiyon da wani ya datsa,
Wanda bai ji wa'azin ba shi ma ya kutsa,
Ina tsoron mu zama masu taya su rusawa.

Mama ta Zumuntar Mata, Kafanchan:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan ladabi. Zan faɗi abin da idona ya gani a unguwarmu, ba kuwa zan ambaci sunan wurin ba.

Ɗana, matso ka ji daga bakin uwa,
Maƙwabciyata gwauruwa ce mai yara da yawa,
Keken ɗinki ne cinsu da tufatarwa,
Da shi take biyan kuɗin makaranta.

Aka ce mata a taro ta shuka iri,
Wai Allah zai ninka mata da sauri,
Ta sayar da keken, ta kai kuɗin da wuri,
Ta ajiye a bagade da hannunta.

Wata ya bi wata, ba ta ga ninki ba,
Ta koma ta ce alkawarin bai cika ba,
Aka ce bangaskiyarta ce ba ta kai ba,
Aka ɗora mata laifi a kan talaucinta.

Na iske ta da dare tana ɗinki da allura,
Ta haska fitilar waya tana gyara
Rigar makarantar ƙaramin cikin yara,
Mu 'yan zumunta muka yi karo-karo dominta.

Na'aman ya kawo wa Elisha dukiya,
Annabin ya ƙi karɓar ko abu ɗaya,
Gehazi ne ya bi bayanta da ƙarya,
Ya komo da ita tare da kuturta.

Duk koyarwar da ta sa wa albarka farashi,
Ta bar matalauci da yunwa da bashi,
Ta saya wa mai wa'azi jirgi ya tashi,
Ɗana, ba zan taɓa yin shiru ba a kanta.

Ɗalibin tauhidi, Jos:

Mama, sannu da wannan shaida. Maganar jirgi ba ƙari ba ce, domin a 2015 hidimar mai wa'azi Creflo Dollar ta jihar Jojiya a Amurka ta nemi mutum 200,000 su ba da aƙalla dala 300 kowannensu don sayen jirgin dala miliyan 65. Amsata dai ga ƙanena na Kaduna ce.

Ɗan'uwa, Dauda ya ƙi zubar da jini,
Amma ya haye ya tsaya a kan tsauni,
Ya ce wa Saul, da wane laifi ka kama ni?
Bai taɓa shi ba, amma ya faɗa masa laifinsa.

Da Dauda ya ɗauki matar Uriya,
Natan ya shiga fada da gaskiya,
Haka Bulus ya yi wa Bitrus a Antakiya,
Ya tsauta masa a fili, a kan idonsa.

Mutanen Biriya sun ji Bulus da marmari,
Amma kullum sai sun koma ga nazari,
Su ga ko Nassi ya yarda da al'amari,
Luka kuwa ya yaba musu a littafinsa.

Sai dai na yarda da kai a wuri guda,
Ba a karɓar ƙarar dattijo sai da shaida,
Biyu ko uku, wannan ita ce ƙa'ida,
In ta tabbata, a tsauta masa a gaban garkensa.

Tsohon ma'ajin ikkilisiya, Kaltungo:

A 1948, a garin Modesto na Kalifoniya, mai wa'azin bishara Billy Graham da abokan aikinsa sun ɗaura wa kansu ƙa'idoji tun suna matasa: tsare gaskiya a sha'anin kuɗi, guje wa keɓewa da macen da ba matarsu ba, barin kushe fastocin gari, da ƙin ƙara gishiri a yawan mahalarta. Akasin haka aka gani a 2014, lokacin da kotu a Seoul ta Koriya ta Kudu ta sami David Yonggi Cho, wanda ya kafa majami'ar Yoido, da laifin cin amana, saboda an sa ikkilisiya ta sayi hannun jarin ɗansa da farashin da ya zarce darajarsa nesa ba kusa ba. Ga yadda muke yi a ƙaramar majami'armu.

In an tashi sujada, mu uku mukan jira,
Mu juye jakar baiko, mu ware naira,
Tsofaffin takardu mu miƙe mu jera,
Kowa ya sa hannu a ƙarƙashin lissafina.

Fasto ba ya riƙe makullin akwati,
Albashinsa kuwa yana hannun kwamiti,
Akwai rasit ko da na buhun siminti,
Ana karanta shi a taro da tsakar rana.

Ba don mun ɗauke shi ɓarawo ba ne,
Mun dai san shi ma ɗan Adam ne,
Wannan tsari kariyar sunansa ne,
Bulus ma ya nemi abokan rakiyar amana.

Idan matar fasto da ɗansa ne majalisa,
Babu dattijon da zai iya tsauta masa,
Tambayar kuɗi ta zama tawaye a wurinsa,
To, tun kafin kotu na hango ɓarna.

Matashi ɗan ƙungiyar mawaƙa, Kaduna:

Iyayena da yayana, na gode, amma da sauran abu guda.

Na karɓi zancen shaidu da na lissafi,
Amma ga wata tambaya mai zurfi,
Bakker ya ce a kurkuku ya buɗe Littafi,
Ya ga wa'azin wadatarsa kuskure ne da ɓatarwa.

Wanda ya tuba ya fito ya yi kuka,
Jinin Yesu ai yana wanke duka,
Bitrus ya yi musu sau uku, duk da haka
An mayar masa da garke domin kiwatawa.

Dattijo, Wusasa:

Ɗana, gaskiya ne Bakker ya faɗi haka bayan an sake shi a 1994, ya kuma koma talabijin a 2003. Amma a 2020 jihar Misuri ta kai shi ƙara kan wani ruwa da aka tallata a shirinsa a matsayin maganin korona, aka sasanta a 2021 bisa mayar da dala 156,000 ba tare da ya amsa laifi ba.

Ɗana, ƙofar gafara ba ta rufuwa,
Wanda ya tuba ɗan'uwa ne ga kowa,
Mu rungume shi, mu bar gorantawa,
Amma mumbari da jaka amana ce ta ikkilisiya.

Zakka mai karɓar haraji ya tuba da aiki,
Ya yi alkawarin mayarwa ninkin ba ninki,
Tuban da bai taɓa aljihu ba sai baki,
Bai isa a miƙa masa makullin ajiya ba, ko ɗaya.

Malam Ma'aji, ina da roƙo gare ka,
Ka rubuto mana tsarin kwamitinka,
Da yawan masu sa hannu a takardunka,
Zan kai wa majalisarmu mu duba gaba ɗaya.