Wacce ce ni, ta gida ko ta dandali?

Mai tambaya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni 'yar Tawa ce, ina karatu a Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ina zaune wurin gwaggona a Harobanda. Na shiga wata ƙungiyar teyatur, wato wasan kwaikwayo, ta ɗalibai inda ba a rubuta wasa, sai dai a ce ke dillaliya ce ko uwar miji, ki fito ki yi magana yadda ta zo miki. Kafin a fara, mai horar da mu yakan sa mu zauna shiru, kowa ya bi numfashinsa, ya lura da abin da ke kai-komo a ransa ba tare da ya kore shi ba. Ni da ba na iya ɗaga ido gaban kawuna, da na hau dandali sai bakina ya buɗe, in yi ciniki, in yi tsiwa, har mutane su riƙe ciki don dariya, kuma a zaman shirun nan na gane cewa mai tsiwar ba baƙuwa ba ce a wurina. To wacce ce ni a cikinsu? Kuma zaman nan bai saɓa wa addini ba?

Wani dattijo, tsohon ɗan samariya: 'Yata, abin da kuke yi ba sabo ba ne a Nijar. Zamanin Seyni Kountché, lokacin da samariyoyi, wato ƙungiyoyin matasa, ke gasa a bikin matasa na ƙasa, labari kawai muke tsarawa, kowa ya nemo maganarsa a gaban jama'a, kuma haka ɗan wasa Yazi Dogo da mutanensa na Damagaram suka yi suna. Muna da wani tela wanda gaisuwa ma da ƙyar ake jin muryarsa, amma a sa masa hular kwamanda ya taka ƙasa, sai yara su watse. Da an tashi ya koma kan kekensa. Ki duba taubasantaka ma, wadda UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2014: wanda ya sunkuyar da kai gaban surukinsa, shi ne zai tare taubashinsa a kasuwa ya ce masa bawansa. Kunyar da kike ɗauka ita ce asalinki, ita ma koya miki aka yi, kuma kin iya ta. Duka biyun naki ne, sanin inda kowacce za ta fito shi ne aikinki.

Wata malamar Islamiyya: Baba ya yi gaskiya, amma ban yarda a wuce tambaya ta biyu ba. Ƙanwata, lura da zuciya muna da shi, malamai suna kiran sa muraƙaba da muhasaba, tushensa kuwa hadisin Jibrilu, ka bauta wa Allah kamar kana ganin Sa. Bin numfashi don samun natsuwa bai zama ibada ba, sai in an haɗa shi da kalmomin da ba ki san ma'anarsu ba. In haka ta faru ki tashi, ki tambayi malamin da kika amince da shi. Tsiwar kuma a bar ta a dandali, gwaggo ba 'yar wasa ba ce.

Wani ma'aikacin lafiya: Tsarin zaman shirun da ya bazu yanzu wani masanin kimiyya, Jon Kabat-Zinn, ne ya fara shi a 1979 a Amurka, horo na mako 8 don masu ciwo da damuwa, ya ɗauko shi daga zaman mabiya Buda ya cire ɓangaren bauta. Sai dai 'yar'uwa, shiru yakan tono abin da aka binne. Idan gabanki ya riƙa faɗuwa ko kuka ya zo babu dalili, ki buɗe ido, ki taƙaita zaman, ki sami wanda za ki gaya wa.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Za mu yi wasa ƙarshen wata, kuma uwar miji aka ba ni. Baba, in gayyaci gwaggo, ko in bari sai na fara gaya mata a gida?