Daga ina kalmar "nocleg" ta samo asali?

Ɗan_Fagge: Salam jama'a. Na fara koyon yaren Poland kwanan nan, sai na ga wajen kwanan baƙi suna ce masa nocleg, kuma wai Rashawa ma nochleg suke cewa. To wa ya ara daga wa ne? Don Allah masana a taimaka min.

Malam_Nahawu: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ai ba aro ba ne, gado ne, tun daga tsohon yaren Slav da ya haife su duka. Kalmomi 2 aka haɗa, noc wato dare, da leg wato kwanciya, shi ke nan kwanciyar dare. A yaren Cek nocleh ne, a Yukren nichlih, don su waɗannan g ɗinsu ta rikiɗe ta koma h tun da daɗewa. Kuma noc ɗin nan dangin nox ne na Latin da Nacht na Jamusanci, duk tsatso ɗaya.

Ummu_Hanifa: Malam Allah ya ƙara basira, amma ka tsallake kudu kuma ni wallahi can ne ya fi burge ni. A Sabiya da Bosniya da Bulgeriya akwai konak da han, waɗannan kam aro ne don Daular Usmaniyya ta Turkawa ta daɗe a can, Bulgeriya kaɗai tun 1396 har 1878, to konak daga Turkanci konmak ne wato sauka, kamar dai yadda masauki ya fito daga sauka, daga baya har gidan babban mutum ko na hukuma ake ce wa konak. Han kuwa daga Farisanci ta biyo ta bakin Turkawa, wajen da ayarin fatake ke yada zango da dabbobinsu, har yau Morića Han na nan tsaye a tsohuwar kasuwar Sarayebo.

Ɗan_Fagge: Ikon Allah! To gostinitsa fa Malam? Ita na ga Rashawa na ce wa otal.

Malam_Nahawu: Daga gost ne, baƙo. Amma a tsohuwar Rasha gost babban ɗan kasuwa mai fatauci ake nufi, shi ya sa tsohuwar kasuwar nan ta San Fitasbag ake ce mata Gostiny Dvor, farfajiyar fatake. Sai dai ka kiyaye, in ka je Rasha kar ka ce nochlezhka kake nema, wannan makwancin marasa galihu ne.