Waɗanda suka sa wa laftof SSD, ku faɗa mana yadda ta kaya

Ɗalibi daga Zariya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Laftof ɗina HP EliteBook 840 G3 ce ta hannu, kuma nauyinta ya ishe ni. Sai in kunna ta in je in yi alwala in dawo, ba ta gama tashi ba. An ce in sa mata SSD, wato sabon nau'in ma'ajiyar bayanai da ya fi hadis (hard disk) sauri. Don Allah wanda ya taɓa yi ya ba mu labari.

Mai gyara a Beirut Road, Kano: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka fitar da ko kwabo, a buɗe bayanta a ga gurbin da take da shi. Akwai SSD mai faɗin inci 2.5 da ke zama a mazaunin tsohon hadis, akwai kuma M.2, 'yar siririya. Ita M.2 ɗin ma kashi biyu ce, SATA da NVMe, kowacce da irin hanyar da take sadarwa da laftof, kuma nan ne mutane ke asara. Sau da yawa ana kawo min NVMe sabuwa dal, alhali laftof ɗin SATA kaɗai take karɓa, a sa ta ƙi gani. Taka laftof ɗin tana da gurbi biyu, tana kuma karɓar NVMe. Ka sa Windows a kan M.2, ka bar tsohon hadis ya riƙe maka fayiloli. Sannan a cire batir kafin a taɓa komai.

Malamar makaranta daga Maraɗi: Ni tawa tsohuwar Dell ce, mai gurbin faifan DVD. Na sa SATA mai 256GB, tsohon hadis kuma aka saka shi a wani ɗan gida aka zura a gurbin DVD ɗin. Wallahi yanzu kafin in gyara zama ta tashi. Hadis da ƙyar yake wuce 100MB a daƙiƙa, ita kuwa wannan tana haura 500. Abin da ya fi yi min daɗi shi ne ƙarar nan ta hadis ta daina.

Wani daga Kumasi: Malama ta yi dace. Ni da Clonezilla, manhajar kwafe hadis gaba ɗaya, na kwafe komai, amma da farko ya ƙi, domin tsohon 500GB ne, sabuwar kuma ba ta kai shi girma ba. Sai da aka rage ɓangaren Windows tukuna. Shawarata, ka kwashe takardunka a filas ka sa Windows sabuwa. Lasisin yana manne da babban allon cikin laftof ɗin (motherboard), da ka hau intanet zai dawo.

Mai gyara a Beirut Road, Kano: Haka ne, ɗan'uwa. Ƙanena, idan SSD ta hannu za ka saya, a gaban mai shagon ka duba lafiyarta da manhajar CrystalDiskInfo, za ta nuna maka awannin da ta yi aiki. An taɓa kawo min wata mai rubutun 1TB a jiki, ana zuba mata kaya kaɗan fayiloli suka fara lalacewa. Kuma SSD ba ta yin ƙara kafin ta mutu, don haka aikin furojet ɗinka ka ajiye shi wuri biyu.

Ɗalibi daga Zariya: Na gode, yaya. Ranar Asabar in sha Allah zan shigo Kano da ita a duba.