Saitin Baba na da: a gyara ko a sayar?

Ɗan Auta: Salam jama'a. An raba kayan marigayi Baba, ni aka bar wa saitinsa na falo, amfilifaya Sansui, dek na kaset, na'urar faifai Technics da manyan sifiku biyu na katako. Sun daɗe a sito. In kai gyara ne ko in sayar in sayi 'yar Bluetooth in huta?

Kawu Mai Kaset: Allah ya jiƙan Alhaji. Kar ka sayar.

Injiniya: Amin. Kafin komai kar ka jona a wuta, juya bayansa ka karanta. In ka ga 100V na kasuwar Japan ne, 120V na Amurka, mu kuma tamu 230 ce. Wasu suna da ɗan maɓallin canja wuta a baya, in babu sai ka haɗa da taransfoma mai rage wuta.

Baban Yara: Ɗan Auta, maganar gyara ce ta sa na tsoma baki. Nawa amfilifayar ɓangare ɗaya ne kawai yake ƙarar-ƙarar in an murɗa bolum, abin da daga baya aka ce min ƙura ce, feshi kawai yake so. Na kai wa wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, kullum ka je sai ka dawo jibi, da na karɓo yana yi ras har na ƙara masa na goro, ashe fiyus ɗin ya cire ya naɗa zaren waya a gurbinsa. Ran nan NEPA suka kawo wuta da ƙarfi muna zaune sai wari, hayaƙi ta ramukan sama, taransfomar ciki ta tafi. Wanda ya buɗe min daga baya ya nuna min transisto biyu na asali ma an zare an sa wasu 'yan ƙanana, darmar ko gogewa ba a yi ba. Yanzu yana ƙarƙashin gado, uwargida kullum sai ta ce ga 'yan jari bola nan suna wucewa. In za ka kai, ka tsaya a kansa, ka ɗauki hoton cikinsa kafin a taɓa komai, kuma duk abin da aka cire a ba ka a leda.

Anti Hajiya: Uwargida ta fi ka gaskiya 😂 mu ne masu sharar ƙarƙashin gadon ai

Na Bluetooth: Duk wannan wahalar don a ji waƙar da take cikin waya?

Kawu Mai Kaset: Yaro yaro ne. Ka taɓa zama gaban sifikar katako an sa kalangu? Waccan 'yar robar taka bum bum kawai ta iya, kukuma in ta shiga ciki ba ka gane ta.

Na Bluetooth: Kawu ranka ya daɗe, tawa dai ba ta cin zare. Har yanzu kana da biron da kake juya kaset da shi?

Kawu Mai Kaset: Yana nan, kuma ya girme ka.

Injiniya: Ku bari mana. Ɗan Auta, Technics ɗin wace lamba ce? In SL-1200 ce ka yi dace, tun 1972 aka fara yin ta, ba ta da bel, injinta ne yake juya faifan kai tsaye, allura kawai za ka nema. Ka jona ta a ramin da aka rubuta PHONO, in ka sa a AUX da kyar za ka ji sauti, sannan siririyar wayar nan ka ɗaure ta a GND don kar ya riƙa gurnani. Dek ɗin kam ka ƙaddara bel ɗinsa ya narke ya koma kamar kwalta. Sifikun cire murfin gaba ka taɓa zoben gefen, in na soso ne zai marmashe a yatsanka, ana canja shi, kar wani ya ce maka sai an sake sifikar gaba ɗaya.

Baban Yara: Da stabilaiza. Kar ka yarda da janareta kai tsaye.

Ɗan Auta: Ba 1200 ba ce, wata lamba ce daban, zan turo hoto. Akwai faya-faye ma cikin akwati, wasu masu nauyi sosai.

Injiniya: Masu nauyin na garmaho ne, masu juyi 78 a minti ɗaya, allurarsu daban kuma in sun faɗi fashewa suke. Technics ɗin na 33 da 45 za ta juya. Ka jera su a tsaye, nesa da rana.

Kawu Mai Kaset: In ba ka so ka kawo min akwatin.

Anti Hajiya: Kawu ɗazu ka ce kar ya sayar, ashe kyauta kake jira

Na Bluetooth: Ni fa akwai 'yar na'urar da ake maƙalawa a AUX, waya ta riƙa aika waƙa cikin tsohon amfilifaya. Kowa ya samu.

Kawu Mai Kaset: Wannan kuma haɗa zuma da maɗi ne, ba da ni ba.

Baban Yara: Wai cikinku ba wanda ya san mai naɗin taransfoma na kirki a Sabon Gari? Tun ɗazu nake jira wani ya ambata.