Jirgin teburi (ƙaramin samfurin jirgin ƙasa): a bar shi ya zagaya, ko sai da jadawali?

Injiniya, Ebute Metta: Ni dai maganata ɗaya ce. In ka shimfiɗa layin dogo a teburi, ka kunna jirgi yana ta zagaye ba tasha ba kaya, wasan yara kake yi. Jirgin ƙasa aiki ne, ɗauko nan, kai can, a kan lokaci.

Kawu, Agege: Haba Injiniya! Mutum ya sha cunkoson Apapa tun la'asar, ya iso gida kuma ka miƙa masa jadawali? Ni a bar ni da shayina, ina kallon taragu na wucewa.

Injiniya: Kawu, ranka ya daɗe, ba ka gwada ba ne. Kowane tarago da katinsa, an rubuta abin da ya ɗauko da inda za shi. Cikin masu wasan, ɗaya ya zama mai ba da hanya, sauran direbobi, ba wanda zai motsa sai da izini. Ga agogo mai gudu, minti goma ya zama awa guda. Ni wani gefen teburina Kano ne, ɗayan Apapa, gyaɗa nake saukowa da ita kamar da.

Hajiya, Obalende: To wa ke da wannan filin a Legas? Ma'aunin HO na irin waɗannan jiragen fa 1:87 ne, wato jirgin gaske ya ninka na teburi sau 87 a tsawo. Ɗaki ɗaya da yara huɗu, ina za a sa Kano?

Malam, Idi-Araba: Hajiya, katako ɗaya ya isa. Akwai tsarin Inglenook daga Ingila: rassan layi 3, ɗaya na cin tarago 5, sauran biyun tarago 3 kowanne. Taragu 8 gaba ɗaya, ka zaɓi kati 5, ka jera taragunsu yadda katunan suka fito. Wallahi sai ka yi gumi.

Kawu: Gumin da nake gudu ke nan.

Hajiya: Kuma ku masu jadawali kuna ɓoye wani abu. Tafiya a hankali sai layi na sheƙi. Da danshin garin nan da ƙura, kan jirgi na zuwa mahaɗa yake tsayawa cak, sai an tura da yatsa. Mai zagaye da gudu kuwa wucewa yake abinsa.

Injiniya: Wannan gaskiya ne, shi ya sa nake goge layi kafin baƙi su zo. Kawu, Asabar ka zo, jirgin fasinja zan ba ka, tasha 2 kacal.

Kawu: In an ɗauke wuta fa, wa ke da laifin latti?